Man Suyar Layya a Tankin Malam

Ranar Juma'ar da ta wuce wasu 'yan mata biyu, ƙawayen 'yata Ummi, suka yi sallama a gidan nan, wai sun zo in koya musu sana'a. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa. Mai bakin cikinsu ta dubi durom ukun da ke jere a gindin katanga, ta dubi tsummokaran da na shanya a igiya, ta ce, "Umma, ai mun riga mun gane. Ba tsohon mai ake zubawa a tsumma ya tsiyaye ba? Kwana biyu ya ishe mu."

Na ce, "To madalla. Ku zo min ranar Asabar ta sati mai zuwa da an idar da sallar asuba."

"Da asuba kuma, Umma? Ai da rana mai ya fi tsinkewa."

Abin da ta faɗa shi ne abin da ni ma na riƙe har ya kusa rufe min sana'a. Shi ya sa na ari littafin Ummi da biro in rubuta musu, su da duk mai ganin aikin nan wasa ne.

Sana'ata gyaran man suya ce, wanda ya gama aiki. Man da mai ƙosai ta soya da shi har ya yi baƙi, da na mai awara, da na masu suyar kifin da ake kawowa daga Tiga, shi nake karɓa in kwantar, in tace, in kore masa ruwa, har ya kai direba ya gauraya shi da man gas ya zuba a tanki. Ba kowace mota ke sha ba. Tsofaffin injina ne masu shan gas, irin a-kori-kurar maigidana, wadda ta girmi Ummi nesa ba kusa ba. Sababbin nan masu kwamfuta kada ma ku kusance su da shi.

Ba a gareji na koyi aikin ba. A gindin murhun Inna na koya, mahaifiyar maigidana, Allah Ya jiƙanta Ya haskaka makwancinta. Inna mutuniyar wani ƙauye ce da yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga. Da aka tashe su ba ta taho da wani abu mai nauyi ba sai turminta da kaskon suyar ƙuli. Da aka kawo ni gidan nan a Tudun Wada ina taƙama da takardar sakandare, sai ta miƙo min muciya ta nuna min tukunya. Shekara shida ina matsar gyaɗa a gabanta. Ita ta koya min sauraren mai. Sai ta ɗora kasko ya yi zafi, ta ɗiga masa mai da ludayi, ta ɗaga min yatsa in yi shiru. In man ya kwanta tsit, to ya bushe. In ya yi tsatsatsa yana tsalle, akwai ruwa a cikinsa ko da ido bai gani ba. Ita kuma ta koya min cewa da ɗuminsa ake tace mai. "Kada ki tace shi da sanyi, 'yar nan, wuni za ki yi a kansa. Bari rana ta dake shi ya tsinke, sai ya bi tsumma kamar ruwa." Ga man gyaɗa maganarta gaskiya ce har gobe. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Shekarar da man gas ya yi tashin nan da kowa ya sani, motar Malam, wato maigidana, ta yi sati uku a ƙofar gida, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Aikinsa ɗaukar kaya ne, tumatir da albasa daga lambunan Bebeji da Kiru, masara kuma daga Doguwa. In ya cika tanki ya je ya dawo, wahalar ce kawai ke rage masa. Malam Ɗanlami, bakaniken da ke duba masa mota tun suna samari, shi ya ce masa ya taɓa ganin wani yana gauraya gas da man girki, inji kuma yana ja. Maigidana bai yi shawara da ni ba. Ya karɓo jarkar tsohon mai a wajen mai ƙosan bakin tasha, ya ɗauki rariyata ta tankaɗe, ya tace a tsaye kamar mai tace koko, ya juye a tanki. Motar ta tashi kam, amma ba ta fita gari ba ta tsaya. Da Ɗanlami ya kwance filta sai ga ɓurɓushin ƙosai cunkus. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Malam, saura yaji kawai."

Da ya dawo gida na ce masa, "Harkar inji taku ce, amma harkar mai tawa ce. Bar min."

Kafin in fara sai da na roƙe shi ya tambayo min malamin makarantar unguwarmu, ko ya halatta a ba ƙarfe abin da ɗan Adam ke ci. Amsar da ya kawo ita ce, in man ya riga ya lalace ga ci, amfani da shi ya fi a malalar da shi a kwata. A kan haka na tsaya har yau, ban taɓa zuba sabon mai a durom ba. Wani alherin da ban yi zato ba shi ne, tun da na fara karɓa masu suyar unguwarmu suka daina maimaita baƙin mai har ya ƙare a cikin 'ya'yan mutane.

Jarkar farko da na gyara sati biyu ta ɗauke ni, kuma yadda na yi ta haka nake yi har yanzu. Durom na farko na kwantarwa ne. Mai ya shiga ya yi kwana goma a rufe ba mai taɓa shi, garin wake da ƙonannen gishiri da ruwa duk su sauka ƙasa. Ba a karkata durom. Da kofi ake kwasa daga sama a hankali, a bar kamar taƙi ɗaya a ƙasa, wannan na hura wuta ne. Daga nan ya bi tsohuwar atamfa ninki biyu zuwa durom na biyu. Sannan ya bi ƙafar wani wandon jins na Malam da na ɗinke bakinta ta zama jaka, na rataye a reshen darbejiya. Sai gwajin kasko irin na Inna. In ya yi tsatsatsa a ɗora shi a wuta kaɗan-kaɗan, ba a bari ya yi hayaƙi, har ya yi shiru. Wajen gaurayawa nakan ce gas kashi uku, mai kashi ɗaya, a girgiza a jarka kafin a zuba. Masu haɗama su yi rabi da rabi, su dawo suna cewa man ne.

Motar Malam ta koma hanya. Kafin shekara ta zagayo direbobi bakwai ke ɗaukar jarka a ƙofar gidana. Wanda ya jawo yawancinsu Alhaji Bala ne, dattijon direbobin tasharmu, mutumin da in ya ce a yi ake yi, in ya ce a bari ake bari. Shi ya fara gwadawa a tasa motar har wata biyu, sannan ya ce da sauran, "Man 'yata ba shi da illa." Abin da kawai suke kuka da shi ƙamshi ne, don hayaƙin salansarsu ƙosai yake ƙamshi. Ɗayansu ya ce in ya tsaya a Falgore, Fulani kan zagayo bayan motar su ga ina mai suyar take, su tambaya ko da saura.

Ni ba na zuwa tasha, amma katangar tsakar gidana ce kawai tsakanina da inda motocin nan ke tsayawa. Da haka kunnena ya koyi silo, wato kukan da inji ke yi in mota tana tsaye a kunne ba a taka totur ba. Lafiyayyen silo kamar luguden mata biyu ne da suka saba daka tare, taɓarya tana sauka ɗaya bayan ɗaya ba gardama. In ruwa ya shiga mai, sai injin ya yi tari ya tsallake bugu, farin hayaƙi ya biyo baya. In kuwa tiyo ne ya tsage yana shan iska, kukan hawa yake yana sauka kamar mai haki. Akwai ranar da ina tsinke zogale na ji wata mota tana irin wannan hakin, na ce Malam ya gaya wa mai ita ya duba tiyon da ke shiga filta. Ya duba ya tarar da tsaga. Da labarin ya kai wa Ɗanlami sai ya ce, "Ashe Maman Ummi ta buɗe gareji a bayan katanga. Sai mu koma suyar ƙosai."

Sai Babbar Sallah ta zo, ta farko tun da na fara sana'ar, kuma a tsakiyar damina ta faɗo. Kun san yadda suyar layya take. Kwana uku ana soya nama a gidaje, ana jefa kitse a kasko yana narkewa cikin mai. Wanda ya yi kyau mata kan ajiye don miya. Wanda ya ƙone kuwa, musamman na manyan gidajen da aka soya rago uku ko huɗu, da can zubarwa ake. A wannan shekarar sai kowace ta tuna da ni. Yadda ake aiko da nama a kwano, haka aka riƙa aiko min da mai a galan. "In ji Hajiya, wai barka da Sallah." Wa ke mayar da kyautar Sallah? Na karɓa da godiya, na sa albarka, na juye a durom ɗaya da na ƙosai. Na kwantar kwana goma. Ranar da gari ya buɗe rana ta take, na bari durom ya sha zafi, na tace bayan azahar yadda Inna ta koya min. Ya bi wandon jins kamar ruwa, ya fito garau launin shayi. Na ɗiga a kasko, tsit. Na ce a raina ban taɓa gyara mai mai kyan wannan ba.

Kwana huɗu da fara ba da shi, da safe bayan an kwana ana ruwa, Malam ya tayar da mota sai na ji kukan da ban sani ba. Ba tari ba ne, ba kuma haki ba ne. Injin karkarwa yake, ya yi kamar zai mutu ya farfaɗo, har kwanukan da na kife a kan katanga suna amsawa. Malam ya danna totur ya lallaɓa ta zuwa gareji. Da azahar ya dawo tana kuka lafiya lau.

Na ce, "Me Ɗanlami ya gani?"

"Bai ga komai ba. Kafin ya zo ya buɗe gareji ta warke."

Washegari haka, wanshekare haka. Kafin sati ya cika, uku daga cikin motoci bakwai ɗin nan suna wannan rawar da safe, su warke da hantsi. Ɗanlami ya yi iya yinsa, ban rage masa ba. Ya sake tiyo, ya gwada hitar da ke ɗuma inji kafin a tayar, ya wanke nozul masu fesa mai a inji. Ya kwance filtar Alhaji Bala ya ajiye a kan benci ya gama wani aiki, da ya dawo ya yanka ta bai ga komai ba sai mai. Daga ƙarshe ya yanke cewa famfon injekta ne, man ya cinye shi a hankali, sai an cire an kai Kano. A ranar ne kuma motar Alhaji Bala ta mutu masa da sassafe a tsakiyar dajin Falgore, yana hawa Doguwa da taki da mutum uku a gaba, a wurin da babu direban da ke son tsayawa. Sai da rana ta ɗaga ta yarda ta tashi.

Da la'asar ya zo zaurenmu. Malam ya kira ni, na sa hijabi na durƙusa daga bakin ƙofa ta ciki, muka gaisa. Bai yi kwana-kwana ba.

"'Yata, ni na ce da yaran nan su sha manki, ni kuma zan ce su bari. Gata kasuwa. In ba a gano ciwon nan ba, a tasha zan tsaya in faɗa da bakina, kada wanda ya sake zuba shi. Ba don ƙi ba ne. Rayukan mutane muke ɗauka a dajin nan."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba Alhaji. Allah Ya kiyaye gaba."

In Alhaji Bala ya faɗi magana a tasha ranar kasuwa, daga Tudun Wada har Doguwa ta zauna. Kwana uku ke gare ni. Da ya tafi na sake duk gwajin da na sani. Na ɗiga a kasko, tsit. Na zuba a farin ƙyalle, ko ɗigon datti. Na ɗaga kwalba a hasken yamma, ana hango darbejiya ta cikinta.

Washegari da na idar da asuba na yi addu'ata, na shiga ɗakin randa zan ɗebo man ɗumame. Nawa man suyar, mai kyan da na ajiye don miya, yana cikin wani kwano kusa da randa. Na buɗe na tarar ya daskare, samansa fari fat, cokalin da na bari a ciki yana tsaye ƙyam. Abu ne da kowace mace ta gani sau dubu. Jiya da rana da hannuna na tsiyaye shi a miya kamar ruwa. Na tsaya riƙe da murfin kwanon. Sai na ajiye shi na fita tsakar gida cikin yayyafi, na buɗe durom na uku, na tataccen mai, wanda ban taɓa buɗewa da sassafe ba tun da na fara aikin. Man da jiya yake garau ya yi dishi-dishi kamar koko, jikin durom ɗin kuma ya yi farin shafe kamar an goga man kaɗanya. Na lakata na sa a tafin hannuna na rufe. Kafin in ƙirga goma ya narke ya ɓace.

Kitsen rago ne. Da zafi na tace shi, ya bi tsumma a narke ba abin da ya tare shi. In ya kwana a tanki cikin sanyin damina sai ya daskare ya toshe filta, inji ya riƙa samun mai da ƙyar yana karkarwa. Da inji ya yi ɗumi rana ta ɗaga, sai ya narke ya wuce. Ɗanlami kuma ba ya buɗe gareji sai hantsi.

Amma gani a durom ba hujja ba ce, za a ce ai gas yana tsinka shi. Na sami kwalabe biyu. Ɗaya na haɗa gas da wannan man, uku da ɗaya, yadda direbobi ke yi. Ɗayar na haɗa da ragowar man ƙosai na kafin Sallah. Na toshe su da kyau, na ɗaura musu zare a wuya, na zura su a tsohuwar randar da ba ma sha. Sannan na cika jarka ɗaya daga durom ɗin, na kai ɗakin randa na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, na ciro wandon jins daga darbejiya na rataye shi a can cikin inuwa. Inna ta yi gaskiya, da sanyi wuni ake a kansa. Ɗigo-ɗigo yake sauka. Amma da yamma da na juye ƙafar wandon, farin kitse na kankaro cikin kwano guda.

Na ce da Malam, "Kada ka bari a cire famfon nan. Gobe kuma kada ka tayar da motar. Ka taho min da Baba Alhaji da Malam Ɗanlami daga masallaci."

"Ɗanlami da asuba? Mutumin da in ya koma kwanciya sai rana ta tashe shi?"

"Ce masa akwai sauran soyayyen nama."

Ya kuwa zo, da sifana a aljihun riga. Na aika musu da naman zaure, sannan na jawo kwalaben daga randa na kawo bakin ƙofa, Malam ya karɓa ya ɗaga su a haske. Ta man ƙosai garau. Ta man layya ta yi gajimare, wasu fararen ƙwayoyi kamar dusa suna yawo a ciki. Na yi musu bayani kamar yadda na yi muku yanzu.

Ɗanlami ya haɗiye naman bakinsa ya ce, "Maman Ummi, ba raini ba, amma famfon injekta fa ba tukunyar miya ba ce."

Na ce, "Haka ne, Malam Ɗanlami. Sai dai abin da ke bi ta cikinsa daga tukunya ya fito. Don Allah kwance filtar nan yanzu, kafin rana ta taɓa ta."

Alhaji Bala ya ce, "Tashi mana. Ko naman kawai ka zo ci?"

Ya tashi yana gunaguni. Ina jin ƙarar sifana ta bayan katanga. Ya shigo da filtar zaure, ya yanka ta da zarto ya ɓare. Duk lungunan takardar cikinta sun cika da farin abu kamar man shanu. Alhaji Bala ya lakata da yatsa ya kai hanci. Ya sake shinshinawa.

"La'ilaha illallahu. Rago ne!" Ya juya wajen Malam. "Kai, motarka ta fi ni cin layyar bana."

Malam ya yi dariya har da tari. Ɗanlami bai yi ba. Ya lakaci abin ya sa a tafin hannunsa ya dunƙule, can ya buɗe ya ga mai kawai yana sheƙi. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Alhaji, taka filtar a rana na ajiye ta. Ni da hannuna na narkar da shaidar."

Na ce, "Laifin ba naka ba ne, nawa ne. Ni na tace shi da zafi, ni na ba ku. Ku yafe min, Baba Alhaji, musamman tsayuwar dajin nan."

"Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma 'yata, gano ciwo daban, warkarwa daban. Gobe kasuwa. In motar nan ta kwana da manki a cikinta ta tashi lafiya da sanyin safiya, shi ke nan. In ta yi rawa, zan faɗi abin da na ce zan faɗa."

Ɗanlami ya rage murya ya ce da Malam, a zuba na ƙosan nan na kafin Sallah mana, a huta. Ina ji daga inda nake. Na ce a'a, wannan na layyar dai za a zuba, wanda na sake tacewa da sanyi. In ba shi aka gwada ba, ba a gwada komai ba, kuma baɗi ma akwai Sallah.

Ranar nan Ɗanlami a ƙofar gidanmu ya wuni. Ya zuƙe tankin tas, ya ɗauraye shi da gas, ya busa tiyo, ya ɗaura sabuwar filta, ya yi ta danna famfon hannu har iska ta gama fita. Malam ya haɗa uku da ɗaya a gaban Alhaji, ya girgiza, ya zuba. Suka zagaya gari da ita sau ɗaya don man ya ratsa ko'ina, aka ajiye ta, Alhaji Bala ya zare makullin ya jefa a aljihunsa ya tafi da shi gida.

Aka kwana ana ruwa kamar da gayya. Gari ya waye da sanyin da ya fi na duk satin. Da aka fito daga masallaci na ji muryoyi sun taru a ƙofar gida, ba uku ba, ba huɗu ba, ashe labari ya zaga direbobi. Ni ina tsaye a gindin katanga ta ciki da carbi a hannu. Na ji an buɗe ƙofar mota. Na ji shirun nan na jiran hita. Sai aka murɗa makulli.

Bugu uku na farko suka ishe ni. Lugude ne, taɓarya bayan taɓarya, ba tsallake ba gardama. Kwanukan kan katanga ko motsi. Na ce alhamdu lillahi tun kafin na waje su gane. Malam ya ba ni labari daga baya cewa Alhaji Bala ya karɓi kofin shayi cike taf a hannun wani direba, ya ɗora a kan bonet, ya harɗe hannu yana kallo. Suka yi tsaye har shayin ya daina tururi, ko ɗigo bai zuba ba. Sannan ya ɗauka ya kurɓa, ya matso jikin katanga ya ɗaga murya.

"'Yata, kina ji?"

"Ina ji, Baba Alhaji."

"To me kunnen naki ya ce?"

"Ya ce a ɗora kaya."

Aka fashe da dariya, wani ya yi kabbara. Alhaji Bala ya je tasha ya kuma yi magana kamar yadda ya yi alkawari, sai dai abin da ya faɗa shi ne, duk mai jarkar man bayan Sallah ya mayar min in sake tacewa, kowa kuma ya je wajen Ɗanlami a sake masa filta da sassafe. Famfon ko ɗaya ba a cire ba.

Sati guda na yi ina tata da asuba kafin in gama da jarkokin nan. Kitsen da na tara ya kusa cika bokiti. Ban zubar ba, na dafa sabulu da shi, na yanka na aika wa matan da suka yi min kyautar man, kowace da nata, na ware wa Ɗanlami manya guda uku na wanke baƙin hannu. Tun daga shekarar man layya duromsa daban, na ɗaura masa jan ƙyalle. Kowane mai kuma, ko na ƙosai ne, tata biyu nake masa: ta farko da ɗumi irin ta Inna, ta ƙarshe da sanyi. Kuma ba ya barin gidan nan sai kwalbarsa ta kwana a randa.

Bayan kamar wata guda Malam ya shigo yana dariya tun daga zaure. Wai Ɗanlami ya sayi randa a kasuwa ya girke a gindin bishiyar garejinsa, har da murfi. Wani fasinja ya ɗauki moɗa zai sha, sai ya daka masa tsawa daga ƙarƙashin mota, "Kai! Ba ta sha ba ce, kayan aiki ce!" Har yau tana nan. Duk motar da aka kawo masa tana rawar safe, kafin ya taɓa sifana sai ya zuƙo na tankinta a kwalba, ya ɗaura zare, ya zura a randa, ya ce da mai ita ya dawo gobe da wuri. In an tambaye shi inda ya koyo, sai ya ce a wani gareji ne na bayan katanga.

Don haka 'yan matan Ummi, Asabar tana nan, da an idar da asuba. Ku zo da tsohon zani, aikin yana ɓata kaya. Wadda ta tsaya jiran rana ta fito kada ta wahalar da ƙafarta, domin abin da zan nuna muku narkewa yake.